Wa Ya Ɗauke Ruwan Jinin Mai Aski?

Sufeto bai gama zama a kujerarsa ba wayar ofis ta yi ƙara. Saja ce ta ɗauka. Ta saurara jim kaɗan, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallabai, daga babban asibiti ne. Wai an yi musu sata."

"Magani ko batirin janareta?"

"Jini."

Sufeto ya ɗago kai. A shekarunsa na aiki ya kama ɓarawon tayar motar asibiti, ya kama ɓarawon fanka, har wanda ya fita da katifa a ka yana gaida masu gadi ya taɓa kamawa. Ɓarawon jini kam bai taɓa cin karo da shi ba.

"Ba ma jinin ba ne sosai," in ji Saja. "Wai ruwan jini. Ni ma ban gane ba."

"To ɗauko takunkuminki mu je mu gane."

Lokacin korona ne, tituna fayau, rabin shaguna a rufe. A ƙofar asibiti mai gadi ya ɗora wa Sufeto wani abu kamar ƙaramar bindiga a goshi don auna zafin jiki. Saja ta ce yau ta ga inda ake nuna wa ɗan sanda bindiga kuma ya ce ya gode.

Likitar da ta kira su tana jira a baranda. Gajera ce, idanunta jajur don rashin barci, takunkumi ya yi mata shaida a karan hanci. Ta ja su zuwa ma'ajiyar jini, ɗan ɗaki mai sanyi da ƙarar injuna. Ta buɗe wata doguwar firiza. Ledoji ne jere a ciki, daskararru, launinsu ruwan ɗorawa.

"Wannan ne jinin?" in ji Sufeto. "Ina jan ya tafi?"

"An mayar wa mai shi. Idan mutum ya kamu da korona ya warke, jikinsa ya riga ya haɗa sojojin da suka san cutar. A cikin ruwan jinin suke. Sai mu ɗebi ruwan, mu sa wa wanda cutar ta kusa kayarwa, ko sojojin aro za su riƙe shi kafin nasa su taso."

"Kuma yana aiki?"

"Gwaji muke yi, Sufeto, ba zan yi maka ƙarya ba. Wasu mun ga sun farfaɗo, wasu ba su farfaɗo ba. Amma wanda numfashinsa ke ƙarewa ba ya raina abin da ya samu."

Ta nuna wani gurbi a can ƙasa, ta baya. "Leda biyu ke nan jiya da safe. Yau babu."

Sufeto ya tsuguna. Ledojin gaba ko motsa su ba a yi ba.

"Me ya sa zai tsallake waɗannan duka ya shiga lungu?"

"Rukunin AB ne waɗancan. Su kaɗai gare mu, mutum ɗaya ya bayar, wani mai aski. Kuma ina da wata malamar makaranta a ɗakin masu tsananin jinya, ita ma AB ce. Jikinta ba zai karɓi na kowane rukuni ba. Yau za mu sa mata."

"Ke nan ɓarawon ma majinyacinsa AB ne."

Likita ta girgiza kai. "Ba lallai ba. A ruwan jini, na AB yana shiga jikin kowa. Idan ba ka san rukunin mutum ba, shi za ka ɗauka."

Sufeto ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Wa ya san wannan a gari?"

"A gari? Kusan babu. Sai mu na ciki."

Mai kula da ma'ajiyar wani saurayi ne da kowa ke kira Dogo, kuma bai ci sunan banza ba, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Tun kafin a tambaye shi ya ciro makulli daga aljihun farar rigarsa.

"Ranka ya daɗe, makullin nan bai rabu da jikina ba. Jiya tun safe har na tashi ina nan."

"Ko abinci ba ka fita ci ba?"

"A nan na ci."

Saja ta dubi takardar da aka manna a bango mai hana cin abinci a ɗakin, ta dubi Dogo. Dogo ya dubi silin.

Sufeto bai matsa masa ba. Hankalinsa ya tafi kan wani kwano na ƙarfe mai murfi da wayar lantarki.

"Wannan fa?"

"Da shi ake narkar da ledar. Ruwan ciki yana yin ɗumi daidai da jikin mutum. In ya fi haka zafi, ruwan jinin ya lalace."

Sufeto ya ɗaga murfin, ya shafa ƙasan kwanon. A bushe yake ƙarau, har da ƙura kaɗan.

"Akwai wani irinsa a asibitin nan?"

"Shi kaɗai ne."

Da suka fito, Sufeto ya ce wa Saja, "Ba a cikin asibitin nan aka yi amfani da shi ba. A daskare ya fita. Akwai wani mara lafiya a wani gida wanda ba a so a kawo shi nan."

"Dogo fa?"

"Ƙarya yake yi, amma ƙaramar ƙarya ce. Bar shi ta ɗan yi masa nauyi."

Ofishin babbar nas yana ƙarshen barandar, kusa da ƙofar gilashi da ta raba ɗakin killacewa da sauran asibitin. Sista kowa ke ce mata, har likitoci. Ta kusa ritaya, fararen takalman roba a ƙafarta, murya ƙasa-ƙasa irin ta wadda ba ta saba maimaita umarni ba.

"Sannu da aiki, Sista."

"Yawwa, Sufeto. Ku zauna daga can nesa, don lafiyarku."

Ta ce ita ba ta da makullin firiza, kuma jiya ba ta leƙa ɓangaren ba. Ta ce abin ya tayar mata da hankali, don ita ce ke juya malamar a gado.

"Kin ga wani baƙon ido a barandar?"

"Akwai wani makanike, mahaifinsa na kwance a ciki. Kullum yana zarya, yana roƙon a sa wa babansa ruwan jini. Jiya da rana na hango shi wajen ƙofar Dogo. Ban ce shi ne ba, amma na gan shi."

Tana cikin magana Sufeto ya soma jin wani wari, har ta cikin takunkumi. Warin roba mai ƙonewa. Saja ma ta soma waige-waige. A bayan kujerar Sista, bisa wani ɗan tebur, butar lantarki ce ruwanta ya ƙare, gindinta na narkewa.

"Sista, butarki!"

Ta juya, ta zare wayar da sauri. "Af! Kaina ya yi zafi yau." Ta kawar da fuska ta yi ɗan tari a gwiwar hannu. "Ƙurar magani ce."

Sufeto ya yi mata godiya suka fita. Ya tsaya a baranda yana sosa haɓa ta saman takunkumi.

Makaniken yana zaune a ƙarƙashin rumfar masu jinya, hannuwansa baƙi da man inji wanda sabulu ya gaji da shi. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Ni ban taɓa shiga barandar can ba, yallabai. An hana mu."

"An gan ka jiya da rana."

"Wa ya gan ni?"

"Ai da ba ka je ba, ba za ka tambayi wa ya gan ka ba," in ji Saja.

Ya koma ya zauna, ya dafe kai. "Na je. Dogo na je roƙo. An ce ba a sa wa kowa sai wanda likita ta zaɓa, ni kuma Baba nake gani yana shan wahala. Na ce ko zai sa mini baki."

"Me Dogo ya ce?"

"Ai ban same shi ba. Ƙofar a ɗan buɗe, rigarsa a rataye a ƙusa. Na yi sallama, ba a amsa ba. Amma akwai mutum a ciki."

"Ka gan shi?"

"Ƙofar firiza ta kare shi. Ƙafafu kawai na gani ta ƙasa, farin takalmin roba. Da na sake sallama sai mutumin ya tsaya cak, ko motsi. Sai na ji ya yi tari, irin wanda ake ƙoƙarin dannewa. Na tsorata kada a ce na shigo inda aka hana, na juya."

"Mace ko namiji?"

"Yallabai, ni inji nake ganewa da sauti, ba mutum ba. Amma tarin busasshe ne, kamar na Baba lokacin da abin ya fara."

Saja ta leƙa ƙafafun ma'aikatan da ke wucewa. Kusan kowa farin takalmin roba ne a ƙafarsa. Ta yi tsaki.

Suka koma wajen Dogo. Wannan karon Sufeto bai tambaye shi komai ba, ƙusar da ke jikin bango kawai ya nuna masa. Dogo ya yi zufa a ɗakin da ke da sanyi.

"Ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri. Wadda zan aura tana aiki a wajen yankan kati. Da rana nakan je mu ci abinci tare. An hana fita da farar riga waje saboda cutar, shi ya sa nake rataye ta."

"Da makullin a aljihu."

"Mantuwa ce."

"Mantuwar kullum? Wa ya san kana haka?"

"Babu kowa." Ya ɗan yi tunani. "Sai Sista. Ta taɓa kama ni, ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce in na sake za ta kai ni gaba."

"Ta kai ka?"

"A'a. Kwanan nan ma ta daina yi mini faɗa."

Daga nan Sufeto ya ce yana son ganin mai jinin. Saja ta ce me mai aski zai sani game da firiza. Sufeto ya ce shi ma bai sani ba, amma mutum ba ya binciken kayan sata bai ga mai kayan ba.

Shagon yana wani ɗan titi bayan tashar mota. Kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, benci a waje an ɗaura igiya a tsakiyarsa don kada mutum biyu su matsu. Mai askin ƙato ne mai fara'a. Da ya ji abin da ya faru sai ya ajiye injin aski.

"Jinina aka sace? Ni da ko tsohon takalmina ba a taɓa sata ba! Ashe na yi daraja ban sani ba."

"Za ka iya sake bayarwa yau?"

"Na so, wallahi. Likita ta ce sai jiki ya huta, ba a daɗe da ɗiba ba." Fara'arsa ta ragu. "Wadda za a sa wa fa?"

"Tana jira."

Ya zauna a kujerar askin. "Na san wannan jiran. Ka ji kamar an ɗora maka buhun siminti a ƙirji. Ni fa da wasa abin ya fara mini. Na gama yi wa wani aski, na fesa masa turare, na ji shiru. Na ƙara, shiru. Na ce kai, an sayar mini da ruwa! Na yi ta fesawa har mutumin ya tashi yana atishawa yana cewa me ya yi mini. Ashe hancina ne ya mutu. Ko gashi aka ƙona a gabana ba na ji."

Saja na dariya, amma Sufeto ya daina motsi.

"Kafin zazzaɓi ko bayansa?"

"Kafin. Ina tafiya garau, ina aikina. Ƙanwata ma haka ya yi mata, ta ƙona tukunya tana zaune kusa da ita."

"Ƙanwarka ta kamu?"

"Gidanmu kaf muka kwanta. Ni, ita, da yayanmu. Duk mun tashi, Allah ya taimaka."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ciki ɗaya muka fito, ka ga ma hancin iri ɗaya."

"Su sun ba da jini?"

"Ina! Yayana ya ce shi ba rijiya ba ne. Ƙanwata kuma allura take tsoro."

Sufeto ya kira Likita a waya, ya tambaye ta ko 'yan ciki ɗaya kan yi rukuni ɗaya. Ta ce ba dole ba ne, amma a kawo su yanzu-yanzu a gwada. Mai askin ya riga ya soma rufe shago.

"Bar ni da su, yallabai. Ko a kafaɗa zan ɗauko su."

A mota Saja ta ce, "Butar Sista kake tunani."

"Mu biyu muna nesa, da takunkumi, warin ya dame mu. Ita tana zaune a bakinsa."

"Amma nas ce a ɗakin killacewa. Ko ta kamu, a wajen aiki ta kamu. Wannan bai mayar da ita ɓarauniya ba."

"Gaskiyarki. Shi ya sa za mu tambayi abin da mai korona ba ya rayuwa babu shi a gida."

Ma'ajiyar tukwanen iskar oksijin tana bayan wajen wanki. Mai kula da ita wani dattijo ne mai gemu fari, yana tura keken tukwane. Ya ce kayansa cif suke, babu abin da ya ɓata.

"Manya da ƙanana?"

"Duka."

Sufeto ya zagaya. Ƙananan tukwanen kowace tana da zagayen tsatsa a siminti inda take zama. Zagaye ɗaya babu komai a kansa.

"Baba, wannan gurbin na wace ce?"

Dattijon ya ja gemu. "Gurguwa ce. Gindinta a lanƙwashe yake, ba ta tsayuwa sai an jingina ta. Ba ta cikin aiki."

"To ina take?"

"An ara."

"Wa?"

Ya kawar da kai. "Sista ta ce wai za a gwada wata na'ura. Takan kawo ta in cika mata, ta mayar bayan motarta. Yaro, matar nan ita ta yi jinyar mai ɗakina har ta tashi. In ta ce in ba ta tukunya, ba na tambayarta dalili."

Da suka koma ofishin Sista ba ta nan. Wata ƙaramar nas ta ce ta fita tun ɗazu, wai kanta na ciwo. Likita da kanta ta ce za ta bi su gidan Sista. Ta sa aka ba su riguna na kariya da safar hannu, motar asibiti na biye da su a baya.

Gidan ƙarami ne, a ƙarshen wani layi, da bishiyar lemo a tsakar gida. An wanke zannuwan gado da yawa an shanya. Sista ta buɗe ƙofa da kanta, har yanzu da kayan aiki a jikinta. Ta dubi Sufeto, ta dubi Likita.

"Lafiya? Ni kaɗai ce a gidan."

Daga ɗakin ciki aka yi wani tari mai tsawo, ya ƙare da shaƙa kamar ana jan iska ta bakin kwalba.

Sista ta saki ƙofar.

Wani tsoho ne kwance rubda ciki a kan gado, an tokare shi da matasai yadda ake yi wa majinyatan asibiti. Gurguwar tukunya na jingine da bango, bututunta a hancinsa. A jikin ƙusar labule an rataye leda, ta shanye, ɗigon ruwan ɗorawa ya rage a gindinta. A ƙasa akwai roba da ruwa a ciki, da ma'aunin zafin jiki yana yawo a kai.

Likita ta wuce kai tsaye wajen tsohon, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa. Fuskarta ta nuna ba ta ji daɗin abin da ta gani ba.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

"Yayana ne. Shi ya riƙe ni tun mahaifinmu ya rasu. Ɗinki yake yi, da keken ɗinki ya kai ni makarantar nas."

"Me ya hana ki kai shi asibiti? Ke ce fa babbar nas."

"Don ni ce babbar nas." Ta zauna a bakin kujera. "Matarsa a ɗakinmu na killacewa ta rasu, farkon zuwan cutar. Bai gan ta ba, bai riƙe hannunta ba. Ta bayan gilashi na ɗaga masa hannu na girgiza kai, shi ke nan sanarwar. Da ya soma zazzaɓi sai ya kama hannuna ya ce, ƙanwata, in kin san na taɓa yi miki alheri, kada ki kai ni can. Na yi masa alkawari."

"Ledojin fa?"

"Ni na ɗauka. Na san lokacin da Dogo ke fita. Ban san rukunin Yaya ba, kuma in na kai jininsa ɗakin gwaji za a tambaye ni na wane ne. Shi ya sa na ɗauki wanda ke shiga kowa. A kular abincina na fito da su."

"Kin san na malamar ne?"

Ta ɗago ido. Sufeto ya ga tana iya cewa a'a, babu mai ƙaryata ta.

"Na sani. Da hannuna na goge mata fuska jiya da safe, na ce mata gobe za a sa miki magani. Da rana na je na ɗauke."

"Kuma kika jefa mana makanike."

"Wannan ya fi komai muni. Na ji muryarsa yana sallama, na san yana wurin. Da kuka tambaye ni sai bakina ya riga ni."

Likita ta juyo. "Ɗaya ledar tana ina, Sista?"

Ta nuna firjin da ke falo. Likita ta buɗe saman, ta ɗauko ledar, ta matsa ta da yatsa. Ta yi laushi, ruwa na motsi a ciki.

"An ɗauke wuta jiya," in ji Sista a hankali.

"Ba zan iya sa wa kowa wannan ba. Kin fi ni sanin haka." Likita ta ajiye ledar. "Da kin zo kin gaya mini, da mun nemi hanya."

Ma'aikatan motar asibiti suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya. Da tsohon ya gane abin da ake shirin yi sai ya riƙe ƙarfen gadonsa da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kin yi mini alkawari," ya ce, kalma ɗaya numfashi ɗaya.

Sista ta tashi za ta je wajensa, ta tsaya, ta dubi Sufeto. Ta miƙa masa hannuwanta biyu.

Sufeto ya dubi hannuwan, ya bar ankwa a ɗamararsa.

"Yaushe hancinki ya daina jin wari?"

Ta runtse ido. "Shekaranjiya."

"Kuma kika ci gaba da shiga cikin marasa lafiya da abokan aikinki. Wannan ma zai shiga cikin tuhuma, Sista, tare da satar da ƙaryar da kika yi wa 'yan sanda. Kin kamu, daga yanzu kina hannuna." Ya juya ga Likita. "Amma ba zan kai mai korona sel ta kwantar mini da caji ofis ba. Kina da gado?"

"Akwai biyu a ɗakin killacewa da masu su suka tashi yau."

"Kusa da juna?"

Likita ta gyaɗa kai. "Za a iya matsar da su."

"To a can zan tsare ta, da ɗan sanda a bakin ƙofa, har ta warke ta je gaban alƙali."

Sista ta durƙusa a gefen gadon, ta zare yatsun yayanta daga jikin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, saki. Tare za mu tafi. Ina gadon da ke gefenka, duk sanda ka buɗe ido za ka gan ni."

Ya saki.

Suna isa asibiti suka tarar da hayaniya a barandar ɗakin gwaji. Mai aski ne tsaye yana ta surutu, yayansa na gefe ya haɗe rai, an gwada shi bai dace ba amma an riƙe shi ya ba wa wasu. A ciki ƙanwarsu ce kwance, ta rufe ido gam, ta juya fuska ga bango, bututu na fita daga hannunta, Dogo na sunkuye a kanta yana lallashi. Nata ya dace.

Sista ta tsaya a bakin ƙofar gilashi, Saja na bayanta.

"Malamar za ta samu?"

"Kafin magariba," in ji Likita. "Ko zai riƙe ta, ban sani ba. Ta yi asarar yini guda."

Sista ta gyaɗa kai. Ƙaramar nas ɗin nan ta zo da rigar majinyata a ninke, ta kasa haɗa ido da shugabarta. Sista ta cire farar hularta ta ba ta, ta karɓi rigar.

"Ki saurara, ba zan maimaita ba. Malamar ba ta son a juya ta ta hagu, kafaɗarta na ciwo. Mahaifin makanike yana cire bututunsa idan ya ga babu kowa, ki riƙa leƙa shi. Kuma ki faɗa wa ɗansa Sista ta ce ya yafe mata."

"To, Sista."

Saja ta taɓa kafaɗarta. Aka buɗe ƙofar gilashin, ta bi bayan gadon yayanta ta shiga, ƙofar ta rufe. Ɗan sandan da aka turo ya jawo kujera ya zauna a bakinta.